Kaka Ya Yi Digiri na Uku

A zangonmu na biyu a makarantar koyon aikin lafiya da ke Ƙaura aka yi mana darasin ƙuna, kuma darasin nan ya shige ni ba kaɗan ba. Malamarmu ba ta wasa. Hotuna ta riƙa haska mana a bango, rabin aji na rufe ido, ni kuwa ina layin gaba ina ɗauka da waya, ƙyas-ƙyas, har sai da ta ce in ajiye ko ta ƙwace. Da aka yi tes na cinye shi tas, cin da ban taɓa yi ba tun shigata makarantar. To ana cikin haka hutu ya zo, ga shi yayata ta haihu a gidanmu, Shinkafi, haihuwar fari. Na haɗa jaka, na ɗauki wanka, na hau mota, kaina cike da ƙuna, ina neman wanda zan sauke wa.

Ran jajibirin suna tsakar gidanmu ya koma kasuwa. Murhu nan, murhu can, ana suyar cincin da dubulan, yara na gilmawa tsakanin tukwane ana korarsu. Ina zaune kan turmi ina ɗora hoton jaririya a sitatus sai na ji Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta ja iska ta haƙori. Mai ne ya fantsamo mata a bayan hannu.

"A miƙo min makilin," ta ce.

Ai ban san lokacin da na dire ba. Na kamo hannunta, na zare mata zobe tun kafin yatsa ya kumbura, na ja ta bakin randa na fara kwarara ruwa.

"Gwaggo, makilin na haƙora ne. Ruwa kawai, mai sanyi, minti ashirin. Ba ƙanƙara, ba ƙwai, ba manja, ba gishiri."

"Minti ashirin? Cincin ɗina hwa?"

"Gara shi ya ƙone. Shi ba ya yin tabo."

Matan suka sa dariya, aka fara kirana dakta. Ni kuwa abin da nake jira ke nan. Ina zuba ruwa ina zuba lakca. Na ce musu duk abin da aka shafa a kan ƙuna riƙe zafin yake yi a ciki, ya ƙara da datti, in an je asibiti kuma sai an kankare shi, kankarewar ta fi ƙunar ciwo. Na ce ƙuna digiri uku gare ta.

Gwaggo ta dube ni. "Digiri? Irin wanda ɗan maƙwabta ya yi a jami'a?"

"Irin shi. Na farko, fata ta yi ja, ga zafi, ba bororo, kwana kaɗan ta wuce. Na biyu, ta ɗuri ruwa ta yi bororo, zafin ya fi na kowa, kuma ba a fasawa. Na uku, ta cinye fatar har ƙasa."

"To ni mi na samu?"

Na duba. Ja ne kawai, sai ɗan ƙurji ɗaya kamar ƙwayar gero. "Kin gama na farko, kin leƙa na biyu."

Shi ke nan, aiki ya tsaya, aka buɗe taron yaye ɗalibai. Kowa na naɗe hannun riga tana nuna min tabonta in ba ta sakamako. Inna ta nuna na talge a damtse, tun tana amarya. Matar Kawu ta nuna na dutsen guga. Maƙwabciyarmu mai yin sabulu ta nuna inda soda ta ci mata yatsu, ba wuta ba hayaƙi, na ce wannan ma ƙuna ce, ita da ruwan batir layinsu ɗaya, ruwa ake ta kwarara musu har a gaji. Wata ta nuna ɗan ɗigo a tafin hannu, na wayar lantarki, tana cewa nata bai kai komai ba. Na ce nata ne ma munafuki, a waje ɗan ɗigo, a ciki ya yi tafiya, shi ko yaya yake asibiti ake kai shi. Da aka zo kan salansar mashin kuwa, sai aka ga kusan duk gidan muna da tambari iri ɗaya a sharaɓar dama. Har ni. Gwaggo ta ce ashe ajinmu ɗaya ba mu sani ba.

Bayan la'asar muka ji mashin ya tsaya ƙofar gida da kukan rago. Kaka ne, mahaifin Inna, daga rugarsu ta wajen Jangeru, ya kawo wa tattaɓa-kunnensa rago.

Sai na gaya muku wane ne Kaka, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Bafulatani ne dogo, siriri kamar sandarsa, ƙirjinsa duk tabon bulalar sharo na zamanin samartaka. Tun da nake ban taɓa jin ya ce wash ba. An ce kunama ta taɓa harbinsa yana salla, sai da ya sallame ya yi addu'a sannan ya duba. Inna ce 'yarsa ta fari, saboda haka akwai kunya tsakaninsu: ba ya kiran sunanta, ba ta haɗa ido da shi, gaisuwarsu ma a kaikaice ake yi. Ni kuwa jika ce, ba ni da birki. Amarya yake ce min, ni in ce masa ango, mu yi ta zagin juna har a raba mu.

Na fito zaure da kwanon fura na tarar an kewaye mai mashin ɗin da ya kawo shi, yana ba Kawu labari yana share gumi. Wai a wani busasshen rafi yashi ya kwashe su suka faɗi. Igiyar rago ta kwance, rago ya arce. Mashin kuma ya danne ƙafar Kaka, salansa a kan fata. Mutumin ya zo zai ɗaga, Kaka ya ce a'a, ya fara kamo ragon tukun kada ya shige daji. Shi kuma ya ga tsoho na magana lafiya lau, sai ya bi rago. Ragon bai ba da kai da wuri ba. Ko da ya dawo, ƙaurin wando yake ji. Ya shafa masa baƙin mai, ya ɗaure da tsumma, suka ci gaba da tafiya.

Maza suka shiga jinjina. Wannan ya ce tsoho ƙarfe ne, wancan ya ce irinsu sun ƙare. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, "Da zafi?" Kaka ya kaɗa kai ya ce, "Walaa," wato babu, da Fillancinsa. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don mun san hali, ko ƙafar aka cire gaba ɗaya walaa ɗin zai ce.

Na ajiye furar na durƙusa gabansa. "Ango, buɗe in gani."

"Amarya, ko lefe ban kai ba, kin fara buɗe min ƙahwa gaban mutane?"

"Lefenka mi zai ƙunsa, ƙwarya da igiya? Miƙo nan."

Babu wanda zai iya yi masa haka a gidan sai ni. Na naɗe wandon na kwance tsumman a hankali. Ciwon na can ƙasa, sama kaɗan da idon sawu, ya zagaya ta baya. Faɗinsa ya kusa tafin hannunsa. Gefe-gefe ja ne, duk ya ɗuri ruwa. Tsakiyar kuwa, inda baƙin man ya goge, fari ne fari-toka, busasshe, ba jini ba ruwa.

"Gefen ya yi bororo," na ce.

"Wa kike ce ma Bororo? Ni da gidana da gonata?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, amma farin nan na san shi. Na gan shi a bangon aji.

Na ɗauki hoto na jefa guruf ɗin ajinmu. Kafin in ɗaga kai an cika ni da amsa. Wata ta ce na biyu ne, wani ya ce na uku, wani sarkin shirme ya turo sitika na mutum yana gudu. Sai Malama da kanta ta shigo, ta rubuta a gajarce: in tsakiyar fara ce, busasshiya, kuma ba ya jin komai a wurin, yau ɗin nan asibiti, ba gobe ba. Ta ce in tambaye shi ko da zafi.

Na tsaya ina kallon wayar. In tambayi wa? Mutumin da amsarsa ɗaya ce tun kafin a haifi Inna? Matsalar ke nan. In dauriya ce irin tasa, to digiri na biyu ne, a wanke a rufe a yi ta kula. In kuwa da gaske ba ya ji, jijiyoyin da ke kai labarin zafi ne suka ƙone, fatar ta mutu, kuma matacciyar fata ba ta warkewa da kanta, ruɓewa take ta ƙarƙashi. Ga tsufa, ga baƙin mai, ga wurin kusa da gaɓa. Ga shi ya riga ya faɗa cewa ana raɗa suna da safe zai juya, damina ta ƙarato, shanu na jiran a tashe su. In ya shige daji da ƙafar nan, ban san da wace ƙafa zai fito ba.

Sai dabara ta faɗo min. Kaka ba ya amsa zafi, amma yana da wani abin alfahari: kullum cewa yake ko barci yake, ƙuda ya sauka jikinsa sai ya sani.

"Ango, an ce ka tsufa, yanzu ko akuya ta taka ka ba ka ji."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Rufe fuska da malafa, in taɓa ka, ka faɗi inda na taɓa. In ka cinye, na bi ka ruga in yi ta tatsa har hutu ya ƙare."

"Ke? Da waɗannan farce? Shanuna sun shiga uku." Amma ya ja malafar ya rufe fuska.

Na wanke hannu da sabulu, na ciro safar hannu daga jakata. Gaskiya don gayu nake yawo da ita, ranar ta yi amfani. Na samu auduga mai tsabta na taɓa gwiwarsa, taɓawar da ko ni ban tabbata na taɓa ba.

"Gwiwa."

Na taɓa babban yatsa.

"Babban yatsa. Wanga wasan yara na."

Na taɓa jan gefen nan. Muƙamuƙinsa ya ɗan motsa ƙarƙashin malafa. "Bakin ciwo," ya ce, murya daidai.

Sai na ɗora a tsakiyar farin. Shiru. Na danna. Shiru. Na ajiye audugar na danna da yatsana sosai, har na ji taurin wurin.

"To taɓa mana," in ji Kaka. "Ko kin tsorata?"

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya miƙa hannu ya ɗage malafar. Kaka ya dubi ƙafarsa, ya ga yatsana a nutse a tsakiyar ciwon. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya ya ƙwanƙwasa wurin da farcensa.

"Awa ƙirgi," ya ce a hankali. Kamar busasshiyar fatar shanu, wato.

Na ce masa haka ne, kuma na faɗa masa sauran ba ɓoye-ɓoye, wannan karon ba lakca, ba yanga. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce ya ji, amma man shanu na nan a ruga, shi ya warkar da abin da ya fi wannan.

Ashe Inna na bayan ƙofar zaure tun ɗazu. Ba za ta iya shigowa ta yi gardama da shi ba, sai ta ɗaga murya tana kirana.

"Ke, ki hwaɗa ma mutanen zaure, asibiti ba nisa."

Na juya. "Ango, an ce asibiti ba nisa."

"Ki hwaɗa ma mutanen cikin gida, Jangeru ma ba nisa."

"Inna, an ce Jangeru ma ba nisa."

"Ki tambaya, in ƙahwar ta ruɓe, wa zai bi shanun? Goya shi za a yi?"

Haka na koma sabis, ina kai saƙo ina dawo da saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin junansu sarai. Maza na danne dariya, Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Kaka ya ce a faɗa wa mutanen cikin gida an gode da shawara. Ya fara laluben tsummansa zai mayar.

Sai ƙofar ta motsa. Inna ta shigo zauren, mayafi har goshi, ta durƙusa nesa da shi. Ba ta bi ta kaina ba.

"Baffa," ta ce, "don Allah."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Tun da nake ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane ba. Kaka ya kawar da kai wajen bango, ya yi ta kallon bangon kamar akwai rubutu. Can ya saki tsumman.

"Amarya, ki ce na ji. Amma ba ni hawan mashin."

Baba ya kira abokinsa mai mota. A asibitin garinmu sai da aka daɗe ana fama da baƙin man nan kafin wurin ya fito. Aka yi masa allurar tsinkau-tsinkau, aka rufe ciwon da bandeji. Likitan ya ce gefen na biyu ne, zai warke, amma tsakiyar ta yi zurfi, sai babban asibiti a Gusau, a yanke mataccen a ɗebo fata daga cinya a rufe.

"Faci ke nan," in ji Kaka. "Awa taya."

Likita ya ce faci ke nan. Ya yarda a kwana gida a yi suna, da sharaɗin ana shafa fatiha a kama hanya. Ina fitowa na rubuta wa guruf: na uku ne. Aka yi ta turo min sitikar wuta da ta tafi, Malama ta turo babban yatsa guda ɗaya, wanda a wurinta ya kai kyautar mota.

Da safe aka raɗa suna, Kaka na zaune kan tabarma, ƙafa a miƙe bisa matashi, fara sol da bandeji, kowa na zuwa gaisuwa kamar shi ne mai jegon. Aka yanka ragon da ya ja mana duk wannan. Kaka ya ce a ajiye masa ƙafar baya ta dama, akwai magana tsakaninsu. Gwaggo ta leƙo da hannunta da ya riga ya lafa, ta ce, "Dakta, ashe ke kina can kina wahalar difloma, tsoho ya yi digiri na uku a rafi, zama ɗaya." Har mai jego sai da ta riƙe ciki.

Aka tafi da shi, Kawu ne ya zauna jinya. Aka yi aikin. Ni hutu ya ƙare na koma Ƙaura, kullum ina kan waya da Kawu, shi kuma amsarsa ba ta wuce "da sauƙi," wadda ba ta gaya wa mutum komai. Abin da ake jira shi ne a buɗe a ga ko facin ya kama. In bai kama ba, a sake, in ƙwayar cuta ta shiga kuma, magana ta canza. Ranar da za a buɗe ta faɗo Asabar, na hau motar farko.

Na same shi ya rame, an aske masa kai, yana ta faɗa wai furar asibiti ruwa ce aka nuna wa gero. Nas ta zo da tirenta ta fara warware bandejin, na cinya da na ƙafa. Ina tsaye wajen kansa. Na ga hannunsa ya kama ƙarfen gado. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ta zo shafin ƙarshe, wanda ya manne, sai da yatsun ƙafarsa suka tanƙware.

Na sunkuya, don tsokana kawai, na san amsar. "Ango, da zafi?"

Ya dubi Kawu, ya dubi nas, ya dawo kaina.

"Da zahi," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

Nas ta ce madalla, haka ake so, nama mai rai ne ke magana. Ta matsa ta nuna min: wurin ya yi ja-ja mai kyau, facin ya kwanta lif, ba wari, ba ruwa. Ya kama.

Ban san lokacin da na danna lambar Inna na sa a sifika ba.

"Inna, ya ce da zafi."

"Mi kinka ce?"

"Da bakinsa. Ya ce da zafi. Facin ya kama."

Sai muka ji Gwaggo ta rangaɗa guɗa daga can Shinkafi, ta cika ɗakin jinyar. Kawu na dariya yana share ido da hular hannunsa. Mutumin gadon kusa, wanda ya karye a hannu, ya tashi zaune yana kallonmu, ya ce shi bai taɓa ganin dangi marasa imani irinmu ba, tsoho na cewa zafi ana guɗa.

"Kashe wayar ga," in ji Kaka. "Kin tona min asiri har Shinkahi."

Ban kashe ba. Na kara masa a kunne, ya kawar da kai, amma bai ture ba, yana jin Inna na ta hamdala ba ta san da shi take magana ba.

Damina ta yi nisa kafin a sallame shi, wasu ne suka tashi shanun a madadinsa, abin da har yau bai yafe mana ba. Wajen lokacin yankan gero ina cikin aji wayata ta yi motsi. Kawu ne ya turo bidiyo, duk ya karkace, rabi sama rabi ciyawa. Ga Kaka can bayan shanunsa, sanda a kafaɗa, yana ɗan ɗingishi amma yana tafiya, da sauri ma, wani maraƙi ya ɓalle ya bi shi ya maido. Ya waiwayo ya ga ana ɗaukarsa, ya ɗago sandar ya nufo Kawu, hoton ya yi sama ya yi ƙasa ya yanke. Na kifa kai a benci ina dariya ba sauti, ta kusa da ni na zungurina wai malami na kallo.